Ragon Kududdufi

A Daura, bayan gidanmu na Sarkin Yara,
akwai kududdufin da Gwaggo Tabawa ta rantse
ba shi da gindi.
Wai wani farin rago ke kwana a ƙarƙashinsa:
in ya juya, ruwan ya yi kore,
in ya yi atishawa, kwaɗi su yi tsit.
Mu dai ko takalmi ya faɗa, ba ma bi.

Da na girma na ɗauko shi a takarda,
na kai shi wani gari da na ƙirƙira,
na haƙa masa tafki mai faɗi, na shuka masa harawa.
Ya ƙi ci. Ya ƙi sha.
Shafi arba'in yana tsaye yana kallona
kamar baƙon da aka sauke a tashar da ba tasa ba.

Bana na dawo.
An cike ramin da shara da jar ƙasa,
an ɗora shaguna uku.
Tanimu yana cajin waya daidai kan ƙahonsa.

Na tambayi ruwan. Ya yi dariya,
ya ce, wane ruwa kuma, Malam?
Sai dai daɓen nan,
duk damina sai ya tsage a wuri guda,
magini uku sun gyara, sun gaji.

Na durƙusa na sa yatsa a tsagar.
Da sanyi.
Na buɗe littafina a kan gwiwa,
na rubuta: ya juya.