Kofi Uku a Colchani

A garinmu ƙasa fara ce fat.
Ba ƙanƙara ba, gishiri ne,
har inda ido zai gaji ya dawo.
Babana Severino da shebur yake tara shi tsibi-tsibi,
tafin hannunsa duk ya dare kamar tsohon tulu.

Makarantarmu ba ta da ɗakin gwaji.
Malama Fidelia ce ta zo da tukunyarta daga gida,
ta dafa jan kabeji a kan risho
har wari ya kori ’yan layin gaba.
Ruwan ya fito shunayya.
Ta raba shi kofi uku.

A na fari ta matsa lemun tsami.
Nan take ya yi jawur, kamar wanda aka zaga a kasuwa.
“Asid ke nan,” in ji ta,
“mai tsami, mai cizo,
ko ƙarfe ya samu sai ya ci.”

A na biyu ta ɗiga ruwan toka, ya koma kore shar.
Ta murza a yatsa: santsi, kamar sabulu.
“Wannan alkali ne, amma ba na kotu ba.
Kada santsinsa ya ruɗe ku,
shi ma yana ƙuna, a hankali yake yi.”

Na ukun ba ta taɓa shi ba.

Sai ta juye ja cikin kore, kaɗan-kaɗan.
Kumfa ta taso tana huci,
ta yi ta yi, ta gaji, ta kwanta.
Launin ya dawo irin na kofi na uku,
kamar ba a yi ba.

Ta matsa lemu cikin ruwan toka zalla,
ta ajiye faranti a taga.
Kwana uku rana na sha.
Ranar Juma’a sai ga farin ɓurɓushi a gindi.
“Gishiri. Ba na miya ba, amma dangi ne.
In sun gama faɗa, abin da ke saura ke nan:
shi, da ruwa.”

Da dare aka tashi rigima kan kuɗin buhu.
Harshen Inna Basilia tsami,
Baba kuwa santsi, ba a kama shi da magana,
amma shirunsa na cin fata.
Ina ƙarƙashin bargon gashin llama ina ƙirga kumfa.

Can gidan ya lafa.
Na ji ta zuba masa shayi.

Na lashi hawayen da ya gangaro bakina,
na san ɗanɗanon.
Ban faɗa wa Malama ba.