Inda Murya Ta Tsaya

Briskila ta zo daga Kaltungo a motar farko,
goye da jita cikin tsohuwar atamfa.
Ta kwantar da ita a teburina, nan Jekadafari,
tsakanin gawar rediyo biyu
da fankar wani da ya manta da ni tun azumi.

Ta ce, "Bappayo, a sauke mini ita."
Na ce, "Daga ina zuwa ina?"
Ta ciro waya, ta kunna muryar mamaci:
Baba Yila yana rera wani abu a bayan gida,
murya kamar tirela na hawan tudu cikin dare,
tafin ƙafa ke fara jin ta kafin kunne.
"Can," ta ce, "inda ya tsaya."

Na murɗa kunnen jita, na sassauta.
Tsirkiya ta yi laƙwas kamar igiyar shanya,
ta kwanta kan ƙarafa tana zuzu,
rina a cikin gwangwani.
Na ce, yarinya, wannan siririyar ba za ta kai ba.
Rijiya mai zurfi, sai igiya mai kauri.

Kwana uku muka jira direban Jos.
Ya kawo shida, ta ƙarshen kamar wayar birkin keke.
Ramin kunne ya ƙi karɓar ta, na faɗaɗa shi.
Farin ƙashin da ke bakin wuya ma ya ƙi.
Na ɗauko magagari,
goga ɗaya, hura, gwada,
goga ɗaya, hura, gwada,
don abin da magagari ya ci ba ya amayarwa.

Akwai sandar ƙarfe ɓoye cikin wuyan katako,
ita ke hana shi rusuna wa tsirkiya.
Na ba ta rubu'in juyi, na tsame hannuna.
Katako ba ya son a yi masa tsawa.
Na bar ta ta kwana a shago, ta yi shawara.

Da safe ta faɗi gaskiya a sake,
amma a gaɓa ta goma sha biyu sai ta yi ƙarya,
ta ɗaga murya kamar mai neman rance.
Na ja jakin da ke ɗauke da ita baya,
baya,
har sukurun ya ce iyakata ke nan.
Na sunkuyar da maganaɗisu, don ya cika kusanci,
yana dama sauti kamar kunun da ya kwana.

Allurar da ke cikin waya ta yi ta rawa,
ta rasa sunan wannan amo, ta haƙura.
Na kife wayar. Na kunna Baba Yila.
Na bi shi da kunne, taki-taki,
kamar mai sauka rijiya da baya.

An kawo wuta bayan la'asar.
Briskila ta soka waya a lasifika, ta zauna kan benci,
ta daki ta ƙarshen sau ɗaya.
Kusoshin teburina suka fara tafiya da kansu.
Gidado mai shayi ya tsaya da buta a sama.
Sauti fes, ba tari, ba zuzu.
Na soma goge hannu ina jiran yabo.

Ta girgiza kai.
"Ya yi tsabta da yawa.
Babana yana da tsaga a maƙogwaro,
wani ɗan kaushi, in ya kai ƙasa.
Wannan zuzun da ka kora, Bappayo,
mayar mini da kaɗan."

Kwana biyar ina farautar abin nan.
Na dube ta, na dubi magagari.
Na ɗauko ƙaramin makulli,
na sauke jaki kaurin silin gashi.

Ta sake daka.
Ba ta ce komai ba,
ta dai bar tsirkiyar ta yi ta kaɗawa
har ta gaji don kanta.