Littafin Baba Kanta

Ran Talata kabu-kabu ke sauke ni Birni,
da littafina mai shuɗin bango:
ƙwayar hawan jini, rabi da safe,
ranar komawa asibiti,
jaka biyu, bashin mai ga-ruwa.

Baba Kanta, badukun da rabin unguwa ta taka ɗinkinsa,
yau kafar allura ta fi ƙarfin idonsa.

Ɗansa na Arlit ya ce a kai shi Yamai.
Ƴarsa ta Sabha ta ce a sayar da gidan.
Duk a waya, kowa da kukansa, kowa da gaskiyarsa.
Na ce: ku dakata,
mai gidan na nan, yana jin ku.

Ya daɗe yana murza guntun fata.
"Ku bar ni inda nake gane tarin ladan,
inda dutsen bayan ɗaki
ke riƙe mini ɗumin rana har lisha."

Na rubuta yadda ya faɗa, ƙarƙashin awon jini.

Gobe likita zai tsallake shi, ya tambaye ni, kamar kullum.
Zan yi shiru,
in ja kujerata baya
har ya dubi Baba.