Albasar Galmi a Bakin Iyaka

Kwana goma sha ɗaya kamiyon Nomau
na tsaye a Ƙwanni, hanci ga kudu.
Buhu ɗari uku na albasar Galmi
sun fara zufa, wasu har da tsiro.

Rediyon mai shayi na ta faɗi:
ƙasa kaza ta zama giwa,
ga jirage, ga kujera
a zauren da manya ke yanke magana.

Nomau ya kurɓa, ya dubi ɗan duwan:
"Giwar da ta tattake gonar maƙwabci,
wa zai nuna mata hanyar rafi?
Kakana Arzika ya yi sarautar noma
ba don rumbunsa ya fi na kowa ba.
In ya kira gayya, ƙauye bakwai ke fitowa.
Shekarar da ya rufe rijiyarsa,
shi da jakinsa suka yi huɗa."

Ɗan duwan bai tanka ba.
Miyar gidansa ma
da manjan Illela take daɗi.

Magariba. Sandar iyaka ba ta ɗaga ba.
Nomau ya kwance buhu guda,
ya zubar da ruɓaɓɓu,
sauran ya ɗora wa wani mai babur
da ya ɓullo ta cikin gonaki.