Hap

Ni ne Otar, mai gashin gurasa a Kutaisi,
shekara arba'in kaina na cikin tanderu,
kunnen hagu ya daɗe da yin murabus.
Jikata Nestan, wata ashirin a duniya,
haƙori shida, kalma huɗu.

A garin nan uba ake ce wa mama.
Ran da ta fara faɗa, ɗana Guram
ya bi maƙwabta yana rabon inabi.
Uwar ta ce, "Leɓe ne ya gamu da leɓe,
ko ɗan akuya ya iya wannan."

Sai ga ta biyar: hap.

Uwar ta miƙa ruwa, ta ture.
Guram ya ce kyanwa take nufi,
aka kamo kyanwa daga baranda,
yarinya ta yi kuka, kyanwa ma ta yi.
Matata Rusudan ta ce shaƙuwa ce, ta bubbuga mata baya.
Zaza, wanta, ɗan shekara biyar, tafintan gida,
shi da ya gano mana "tuta" takalmi ne,
ya ɗaga kafaɗa: "Wannan ban san ta ba."
Likita ta rubuta: kalma huɗu, da wani sauti.

Mako uku muna lalube
kamar masu neman allura a buhun gari.

Wata asuba, ruwa na zuba a kan kogin Rioni,
barci ya ƙi ta, aka sauko min da ita cikin bargo.
Na ɗauki curin kwaɓi, na sunkuya,
na manna a bangon tanderu.
"Hap," in ji ta.
Na sake mannawa, sai kunnen dama ya kama shi
yana fita daga bakina:
numfashin da nake saki tun ina yaron shago,
ban taɓa sanin ina yi ba.
Ta nuna ni da yatsa mai yawu. Hap.
Ashe suna ta raɗa mini.

Bana ta cika shekara uku, harshe ya miƙe.
Babua take cewa, kamar kowace jika a layinmu,
sarai, ba gargada, kowa na tafa mata.
Ni ma ina tafawa, gari na tashi daga tafina.
Amma da asuba, in na manna ta farko,
nakan ɗan dakata,
in juya kunnen kirki wajen matakala.