Albasa a Cikin Na'ura

A ɗakin haya, bayan tashar Aliero,
na dasa ƙwaƙwalwar kwaikwayo cikin kwamfuta:
jijiya ɗari huɗu, ɓawo uku,
kowace tana raɗa wa ta gabanta lamba.

Na ɗura mata hotunan albasa,
wannan lafiyayya, wannan ta ruɓe ta ciki.
Zagayen farko, ko tumatir ta gani sai ta ce albasa.
Zagaye na hamsin, layin kuskure
ya fara ja da baya kamar ruwan rijiya a bazara.
Sai aka ɗauke wuta.

Kawu Labbo ya leƙo, ƙafa duk lakar fadama.
"Mi kaka koya ma gilashi?"
Na ce, sanin ruɓa tun ba ta yi wari ba.
Ya zaro ɗaya daga buhu,
ya danna wuyanta da babban yatsa, ya yar.
Na yanka. Cikinta baƙi ƙirin.

Shekara arba'in yana nasa zagayen,
ba manhaja, ba caji.
Na tada janareta, na koma kan sifili,
idona yana ruwa.
Albasar ce, Kawu.