Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Teburina bai kai faɗin ƙofa ba,
ƙarƙashin matakalar wani kanti, titin Colon, birnin Cebu.
Fitila guda, hantsaki, gilashin ƙara girma,
dalma na narkewa, hayaƙinta na tashi kamar turaren coci.
Gicciyen da uwata ta bar mini yana rataye a ƙusa
tsakanin igiyoyin caja,
har wani sa'in hannuna kan kai gare shi bisa kuskure.

Waya ke tashina da asuba.
Takan turo mini aya kafin in wanke ido,
a ƙasan ayar kuma tallan takalma, an rage rabin kuɗi.
Ayar nakan karance ta da sauri.
Takalman nakan daɗe ina kallo.
Ubangiji, ka gani, ban ɓoye maka ba.

Ran Talata, bayan ambaliya, Nang Perpetua ta zo,
mai busasshen kifi a kasuwar Carbon,
ta zaro waya daga cikin ledar shinkafa,
kwana huɗu ke nan tana binne a ciki.
Ta ce, "Crisanto, ba hotuna nake nema ba.
Muryar Teodulo na ciki. Daƙiƙa goma sha ɗaya.
Cewa yake in sayo gas, na gida ya ƙare,
in kuma kula da tsallaka titi."
Bara aka yi jana'izarsa, saura mako biyu Ista.

Na buɗe bayan wayar.
Ruwa ya riga ni shiga, ya bar kore-kore
irin na tsohon kwabo.
Na wanke, na busar, na bi layukan da ba su kai gashi kauri ba,
motocin haya masu ado suna ta ƙaho a bayana.
Wajen la'asar na tsinci bakina yana motsi.
Ni da ke jin nauyin roƙon Allah kan ƙananan abubuwa,
ga ni ina roƙo a kan ƙarfe
da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ba ta tashi ba.

Dindo, yarona, ya leƙo ta kafaɗata.
Ya ce akwai manhaja, in an samu ɗan guntun muryar mutum,
ko daga bidiyon biki ne,
sai ta faɗi duk abin da aka rubuta mata,
har da tarinsa, har da dariya.
Tsohuwar ta dube shi, ba da fushi ba.
Ta ce, "Yaro, ai sai ya riƙa faɗin abin da nake so.
Teodulo bai taɓa yin haka ba, shekara arba'in."
Muka yi dariya, ita ce ta fara dainawa.
"Wanda ya karɓe shi ya san inda ya ajiye muryar.
Zan jira."

Na ce babu kuɗin aiki. Ta ajiye mini kifi uku a takarda.
Wayar kuwa ta ce in riƙe.
Tana nan a aljihun tebur na ƙasa
tare da 'yan uwanta da suka gagare ni,
kowace da sunan mai ita a manne.
Ban iya zubar da su. Ban san me nake jira ba,
ko kuwa na sani, bakina ne ya yi nauyi.

Da dare, bayan na ja ƙyaure,
na danna wa ɗiyata Marilou saƙon murya,
tana can Doha tana jinyar iyayen wasu.
Na shirya faɗin manyan maganganu, na uba,
na albarka da tsoron Allah.
Abin da ya fito shi ne: ruwa ya janye,
rufin bai yi yoyo sosai ba,
ki ci abinci,
ki kula da tsallaka titi.